Maganar da na tsinta a kundin wata, sunan wa zan sa a manazarta?

Ɗalibar aji huɗu:
Assalamu alaikum. Ina rubuta kundin digiri na farko a kan waƙoƙin daka da niƙa na matan garinmu, na maƙale a babi na biyu. Akwai wata ma'anar waƙar baka da nake son kafa hujja da ita, ta wani malami ce, daga takardar da ya gabatar a taron ƙara wa juna sani tun shekarun 1970. Ni dai ban taɓa ganin takardar da idona ba. A kundin digiri na biyu na wata baiwar Allah na ga maganar. Na duba laburaren sashe, babu. Ƙawayena sun ce in kwafi sunan malamin da shekara in zuba a manazarta (jerin ayyukan da aka duba, a ƙarshen kundi), wai kowa haka yake yi. Raina bai kwanta ba. Sai kuma tsofaffin da na yi hira da su, su ma manazarta za su shiga? Tsarin APA muke bi, wato ƙa'idar rubuta manazarta ta ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka.

Malami mai duba kundaye:
Wa alaikis salam. Kada ki bi shawarar ƙawayenki. Duk abin da kika sa a manazarta, kamar kin ce wa mai karatu ne: wannan na riƙe shi, na karanta. Ranar kare kundi mai jarrabawa na waje yana iya ɗora yatsa a kan sunan nan ya ce, "A ina kika samu wannan takarda? Ni na daɗe ina nemanta." Me za ki ce?

Kuma ba kunyar ranar kaɗai ba ce matsalar. Ba ki san ko ita mai kundin ta kwafo daidai ba. Na sha ganin jimla ɗaya ta bi kundaye tana rikiɗa: wannan ya yar da kalma, wancan ya juya lambobin shekara, har a ƙarshe a jingina wa malami abin da bai faɗa ba. Malaman hadisi sun daɗe da gano wannan, shi ya sa suka tsananta a kan isnadi. Abdullahi ɗan Mubarak ya ce ba don isnadi ba, da kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

A cikin rubutu ki sa haka: (Wane, 1975, kamar yadda Wance, 2016 ta ruwaito). A manazarta kuwa Wance kaɗai za ta fito, domin aikinta ne kika karanta. In kalmominta kika ɗauko kai tsaye, ki sa alamar zance da lambar shafi. In kin juya su da bakinki, har yanzu sai kin ambace ta. Canza kalma biyu uku ba ya mai da tunanin wani ya zama naki.

Hira kuwa, a APA ba ta shiga manazarta, tunda mai karatu ba zai iya zuwa ya buɗe ta ba.

Tsohuwar ɗaliba:
Allah ya gafarta Malam, a kan hira ina da ƙari. A ƙa'idar APA haka ne, amma sassan Hausa da yawa suna so a yi jeri daban bayan manazarta: waɗanda aka yi hira da su, da shekarunsu, da gari, da ranar hira. Ƙanwata, ki ɗauki kundin bara wanda mai duba aikinki ya sa wa hannu ki ga yadda aka yi, shi ne zai raba gardama.

Ni ma aikin mata na yi. Ki tambayi kowace tsohuwa kafin ki rubuta sunanta. Waƙar daka cike take da habaici ga kishiya da uwar miji, wata za ta rera miki da daɗin rai amma ba ta son a ga sunanta a ƙarƙashi. Irin wannan sai ki ce "wata dattijuwa mai kimanin shekara 70". Ki kuma adana sautin da kika naɗa a waya a wuri biyu.

Ma'aikacin laburare:
Kafin ki haƙura da takardar, ki sa a duba miki Laburaren Kashim Ibrahim a Zariya, da Arewa House a Kaduna, da cibiyar nazarin harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero. Tsofaffin takardun taro da aka buga da tafireta a irin wuraren nan suke kwance.

Ki kula da bugu ma. Ƙamusun Hausa na Bargery ya fito a 1934, aka sake buga shi a Zariya a 1993 da ƙarin kalmomi daga Neil Skinner. Wanda kika buɗe shi za ki rubuta. Haka APA ɗin: bugu na 7 da ya fito a 2019 ya daina sa garin da aka buga littafi, kuma marubuta uku zuwa sama sai sunan na farko a ce "da wasu" tun ambaton farko. Wasu sassan har yanzu na 6 suke bi, ki tambaya. Kuma duk manazartar da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ba ki, ki nemo ta da kanki tukuna. Tana ƙaga littattafan da ba a taɓa rubutawa ba, da suna da shekara tsaf.

Ɗalibar aji huɗu:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, marubucin da sunansa ya ƙare da sunan gari fa, kamar Sa'idu Muhammad Gusau?

Malami mai duba kundaye:
Gusau, S. M. Sunan da ya zo ƙarshe a bangon aikinsa shi ke gaba, ko na gari ne. Farfesa da Dokta da Alhaji duk ba sa shiga.