Zan sayar da amfilifayar bes, amma na rasa yadda zan kwatanta sautinta

Mai Bes na Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da amfilifayar jitar bes (akwatin ƙara sautin jitar nan mai kaurin murya) da nake so in rabu da ita, Fender Rumble 100, mai wat 100 da sifika ɗaya mai inci 12. Ta hannu ce, na saye ta shekara huɗu da suka wuce a Sabon Gari, wajen wani makaɗin coci da zai koma Jos. Nauyinta kilo 10 ne kacal, a cinya nake ɗora ta cikin Keke idan za mu wajen biki. Yanzu aikina ya koma situdiyo, jitar kai tsaye take shiga kwamfuta, ita kuwa tana gefen gado Maman yara ta mai da ita wajen ajiye filas. Ga bikin ƙanwata ya matso, ni aka ɗora wa gado da katifa.

Matsalata ita ce duk wanda ya yi min magana, tambayarsa ɗaya: yaya sautinta? Na ɗauki kiɗa da waya na tura wa wani ɗan Samaru, ya ce shi dai abin da ya ji kamar ƙudan zuma ne a cikin gwangwani. Abin ya yi min ciwo, wallahi.

To bari in gwada da baki. Idan ka danna maɓallin vintage, sautin yakan yi kauri da laushi, kamar tambari ranar hawan Sallah idan kana can nesa da Ƙofar Fada, ƙirjinka ne ke fara jin sa kafin kunnenka. A nan na fi barin ta. Idan ka danna contour sai tsakiyar sautin ta rame, ƙasa da sama (mai kauri da siriri) su fito, wannan na masu marin tsirkiya da babban yatsa ne, ka ji "tas, tas" yana tsalle. Bright kuma yana fito da komai fili, har jan yatsanka a kan tsirkiya za a ji, mai ƙazamin hannu ba ya son sa. Akwai overdrive mai sa sautin ya yi kaushi, amma ni a kunnena kamar rago ne mai mura, ban taɓa kunna shi a gaban jama'a ba.

Aibinta biyu ne: fatar kusurwa ɗaya ta yage, sannan maɓallin gain (na ƙarfin sautin da ke shigowa daga jita) yana "ƙas-ƙas" idan ana murɗa shi. In rubuta duk wannan a talla, ko zai kori masu saye? Kuma ta yaya ake nuna sautin bes ga wanda ke nesa?

Baba Mai Gyara, PZ:

Wa'alaikumus salam. Yaro, ɗan Samarun nan bai yi ƙarya ba, amma laifin wayarsa ne. Tsirkiyar E, wadda ta fi kauri a bes mai tsirkiya huɗu, tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa. Sifikar waya ba ta kai girman ƙwandala ba, ina za ta iya tura iskar da za ta fitar da wannan? Sai ta bar maka ƙaiƙayin kawai. Ka ce ya sa abin kunne mai kyau, in ba haka ba ya hau mota ya zo, Samaru ba Makka ba ce.

Wannan "ƙas-ƙas" ƙurar hunturu ce ta shiga cikin maɓallin. Akwai maganin feshi da ake wanke irin waɗannan da shi, a fesa kaɗan a murɗa sau ashirin. Kada ka kuskura ka ɗiga man keken ɗinki, na sha karɓar irin wannan ɓarnar. Kafin ka kawo min ma, kashe ta ka yi ta murɗa shi gaba da baya, wani lokaci shi ke nan.

Abin da ba ka faɗa ba shi ne ya fi muhimmanci. Juya bayanta ka karanta abin da ke rubuce kusa da inda wayar wuta ke shiga. Kayan da suka fito daga Amurka na bolt 120 ne, tamu wutar 230 ce. In ta 120 ce, wajibi ka gaya wa mai saye kuma ka haɗa masa da taransifomar rage wuta. Mantuwa ɗaya, sai hayaƙi.

Mai Bes na Tudun Wada:

Allah ya ƙara girma, Baba. Na duba, 230 ce, ba ta taɓa neman taransifoma ba. Man keken ɗinkin kuwa, kamar kun leƙa ɗakina, jiya na ɗauko shi na fasa.

Shugabar Mawaƙa, Wusasa:

Ɗan'uwa, kwatancen tambarin nan ya fi duk hotunan da ake turo min, kada ka cire shi. Aibin ma ka rubuta, mu da muke kashe kuɗin jama'a mun fi yarda da mai faɗin yagewa. Tambayata, za ta iya ja da mai ganga? Yaron da ke buga mana gangunan jazz ba ya tausayin fata. Kuma tana da mafitar zuwa mikisa, na'urar nan da ke haɗa sautuka ta tura su manyan sifiku?

Ɗan Fiyano:

Oga wa ke sayen wannan a zamanin nan? Hannuna na hagu a kan Yamaha ya ishe ni bes, ba jigila ba kuɗin Keke.

Mai Bes na Tudun Wada:

Ɗan Fiyano, hannun hagun naka ba ya jan tsirkiya ta yi kuka ta sauka, mu bar maganar kafin mu ɓata.

Anti, tana da mafitar XLR a baya, irin ta wayar makirufo, har da maɓallin da ke kashe gurnanin nan na "huuu" idan an haɗa ta da mikisa. Batun mai ganga kuwa, gaskiya ita ce: a ɗaki mai ɗaukar mutum ɗari ko sama kaɗan tana tsayawa da ƙafarta, musamman in kika jingina ta kusa da bango, sai ƙasan ya ƙara cika. A fili kuwa iska ke shanye ta. Na taɓa kai ta wani biki a Kwangila, a waje, na ƙure ta amma ni kaɗai nake jin kaina sai da aka sa ta a manyan sifiku. Wani abu kuma, idan ganga ta rufe mai bes ɗinku, kada ya ƙara maɓallin bass, ya ɗaga na low-mid (ƙasa-ƙasan tsakiyar sauti) kaɗan, nan ne muryarta take.

Ranar Asabar bayan La'asar zan iya kawo ta wajen gwajin waƙarku. Ku tanadi yaron gangar, ya buga yadda ya saba.

Baba Mai Gyara, PZ:

Ka biyo ta shago da safe in fesa mata maganin tukuna. Kuma a ɗauke filas ɗin nan daga kanta.