Wutar Hasumiyar Eiffel da Dare: A Ina Za Mu Tsaya da Hajiya?

Nura Lille: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin mutanen Paris. Hajiyarmu tana wurina, kuma kafin ta koma gida a tsakiyar Disamba ina so in kawo ta ta ga wutar nan ta hasumiyar Eiffel mai ƙyalƙyali da dare. Ƙanwata ce ta nuna mata a waya, tun daga ranar ba ta da magana sai ita. Matsalar dai gwiwa ce, ba ta jure doguwar tsayuwa, matakala kuwa sai a hankali. Kwana ɗaya za mu yi. A ina ya fi mu tsaya, kuma da ƙarfe nawa?

Zee: Wa alaikumus salam. Farfajiyar Trocadéro da ke tsallaken kogi, Yaya Nura. An gama magana.

Musa Damagaram: Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ka fara sanin cewa wuta biyu ce. Akwai mai ruwan zinare, wadda ke kamawa da zarar rana ta faɗi ta tsaya haka nan. Sai ƙyalƙyalin da Hajiya ta gani a waya, shi kuma minti 5 ne kacal a farkon kowace awa. Ƙarfe 7 daidai ya fara, 7 da minti 5 ya ɗauke. In kun iso 7 da minti 6, sai zaman jiran ƙarfe 8 a cikin sanyi. Kun yi sa'a da Disamba, domin kafin ƙarfe 5 rana ta faɗi. Ku nufi na ƙarfe 6 ko na 7, ku kasance a wurin da kwata kafin lokaci.

Nura Lille: Na ɗauka sai tsakar dare ake yi.

Musa Damagaram: A'a. Da can wutar tana kaiwa ƙarfe 1 na dare, amma a Satumbar 2022 hukumar birnin ta rage lokacin don tsimin lantarki, aka koma kashewa 12 saura kwata. Kada ma ka sa ran na ƙarshen dare da dattijuwa a hannunka.

Alhaji Kwari: Wai duk wannan lissafin a kan wutar minti biyar? Nura, ka kai Hajiya Dubai ta ga abin kallo. Burj Khalifa mita 828, ga ruwa yana rawa a gindinsa duk bayan rabin awa. Wannan tsohon ƙarfen naku ko rabinsa bai kai ba.

Musa Damagaram: Bakano ke nan, komai sai ya auna da yadi. Alhaji, tsohon ƙarfen nan tun 1889 yake tsaye. Mita 330 ne, mun yarda ku kuka fi tsawo, amma ku bari naku ya shekara ɗari tukun.

Alhaji Kwari: Badamagare na kare Faransa a wannan zamanin? Zan tura wa mutanen Yamai wannan saƙon.

Musa Damagaram: Hasumiya nake karewa, ba gwamnati ba. Ka tura.

Shugaban Zaure: Ban da siyasa don Allah. Kun san yadda aka ƙare wancan karon.

Maman Walid: Nura ƙanena, bari in yi maka bayani da ɗan tsawo, saboda abin da ya same ni a wurin nan ba na fata ya sami kowa, balle baƙuwa.

Gaskiyar Zee ce, babu inda ake ganin hasumiyar cikakkiya kamar farfajiyar Trocadéro. Kana tsaye a kan tudu, kogin Seine a tsakaninku, ita kuma ta cika maka ido tun daga ƙafafunta har fitilar da ke juyawa a ƙololuwa. Amma abin da ka sani, ɓarayi ma sun sani. Mun je da Baban Walid da yara lokacin sanyi irin wannan. Muna isa wasu 'yan mata suka tare mu da takarda da biro, suna nuni da hannu wai su kurame ne, a sa musu hannu a taimaka. Na girgiza kai na wuce. Ashe tun daga nan suka ga inda jakata take da yadda zif ɗinta yake. Da lokaci ya yi, wutar ta fara, wurin gaba ɗaya ya ɗauki shewa, kowa ya ɗaga kai ya ɗaga waya sama da hannu biyu. Ni kuma hannu ɗaya na riƙe da ƙaramin, ɗaya na ɗaukar bidiyo. Na ji an ɗan matse ni ta baya, amma cunkoso ne, kowa matse kowa yake. Wuta na ɗaukewa na sa hannu zan ciro wa yaro safar hannu, na ji jaka a buɗe. Ƙaramar jakar da ke ciki ta tafi: fasfo, katin zama, katin banki, da kuɗin da wata baiwar Allah ta ba ni amana in kai wa 'yarta.

Daren nan a wurin 'yan sanda muka ƙare shi muna ba da bayani, yara suna barci a kan benci. Wahalar sake takardu kuwa ba a magana, tafiya gida da muka shirya sai da ta rushe. Kuɗin amanar ne suka fi tsaya min a rai har na samu na biya.

Ban faɗi wannan don ka fasa ba. Wallahi abin yana da kyau, na sake komawa daga baya, kuma na fi jin daɗinsa da ban ɗaga waya ba sam. Ka kai Hajiya ta gani. Amma fasfonta kada ya kwana a jakar hannu, a sa shi a aljihun ciki ƙarƙashin rigar sanyi. Kai ka tsaya a bayanta, ba a gefenta ba. Ku nemi inda bango ko ginshiƙi zai kasance a bayanku. Duk wanda ya miƙo takarda, ko zare zai ɗaura maka a hannu, ko masu wasan kofi uku da ƙwallo a ƙasa, ko kallonsu kada ka tsaya yi. Waɗanda kake gani suna ci a wasan nan duk mutanensu ne.

Zee: Innalillahi. Anti, ban taɓa jin wannan labarin ba. Allah ya mayar da alheri.

Malam Habu: Allah ya tsare gaba. Amana kuma Allah ya ba da ladan saukewa.

Maman Walid: Amin, na gode.

Musa Damagaram: Ƙari a kan maganar Anti: samarin da ke shimfiɗa ƙananan hasumiyoyi da maƙalan makulli suna sayarwa, yawancinsu 'yan uwanmu ne na Afirka ta Yamma, neman abinci suke. Kada a haɗa su da masu yankan aljihu. In Hajiya na son tsarabar jikoki ta taya, suna ragi.

Dakta Sa'a: Ni gwiwar ce damuwata, kowa ya manta da ita. Nura, kada ka sa ta a metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Yawancin tashoshin Paris ba su da lifta, in ka cire layi na 14, matakala ce hawa da sauka, ga dogayen lunguna. Daga tashar jirgin ƙasa ta Gare du Nord ku ɗauki tasi ya sauke ku a dandalin Trocadéro ta sama, taku kaɗan ne zuwa farfajiyar. Kada ku gangara lambun da ke ƙasa, domin duk matakalar da aka sauka sai an hau ta. In kuma kuna son sauƙin kuɗi, bas ɗin birnin ƙasa-ƙasa suke, shiga ba wuya. Mai lamba 72 yana bin bakin kogi, yana wucewa ta gaban hasumiyar.

Amma da uwata ce, jirgin ruwa zan sa ta. Akwai masu tashi daga gadar Alma, akwai masu tashi daga gindin hasumiyar, zagayen kamar awa ɗaya. Tana zaune, gilashi ya kewaye ta, iska ba ta dukanta. Ka dai tambayi mai sayar da tikiti wanne ne zai kasance kusa da hasumiyar a kan awa.

Zee: Ta gilashi ba ya yin kyau, Dakta. Hasken cikin jirgin yana dawowa a hoto.

Dakta Sa'a: Hajiya kallo ta zo yi ko hoto?

Zee: Duka biyun. Wa zai koma gida ba shaida?

Sadiq: Ku yi hattara fa, na ji an ce laifi ne ɗaukar hoton hasumiyar da dare, har tara ake ci.

Dakta Sa'a: Ba haka maganar take ba. Tsarin hasken zinaren, wanda aka kunna a ƙarshen 1985, aikin wani mai fasaha ne, Pierre Bideau, don haka yana da haƙƙin mallaka. Wanda zai sa hoton a talla ko ya sayar, shi ne zai nemi izinin kamfanin da ke kula da hasumiyar. Kai da za ka tura wa 'yan gida ba ruwan kowa da kai.

Alhaji Kwari: To ni da nake son bugawa a jikin ledar shagona fa?

Musa Damagaram: Ka ga Bakano. Ɗazu tsohon ƙarfe ne, yanzu ya zama na leda.

Malam Habu: Ba wanda ya yi maganar salla. A Disamba magariba wajen ƙarfe 5 take, isha kuma kafin 7 ta shiga, wato daidai lokacin da kuke cewa a tsaya. A kusa da wurin ba za ka sami inda dattijuwa za ta yi alwala cikin natsuwa ba. Shawarata ku fara da Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe tun 1926, shi ma abin gani ne. Ku yi magariba a can, ku matafiya ne, sannan ku taho ku kama na ƙarfe 7.

Sadiq: Malam, tafiyar kallo ma ana kasaru da haɗa salla?

Malam Habu: Tafiyar da ba ta saɓo ba ce, kuma daga Lille zuwa Paris ya haura kilomita 200. Amma ka same ni ta gefe, kada mu cika wa mutane zaure.

Sadiq: Ni dai a wurina wutar agogon Makka lokacin kiran salla ta fi duk waɗannan.

Malam Habu: Wannan ai ba a haɗa ta da komai. Allah ya kai mu.

Zee: Amin. Yaya Nura, ko ba da Hajiya ba, wata rana ka hau metro layi na 6 daga Passy zuwa Bir-Hakeim. Jirgin yana fitowa sarari ya tsallake kogi a kan gada, hasumiyar ta bayyana ta tagar hagu. In ka dace da kan awa, shi ke nan. Ita kanta gadar wurin tsayuwa ce mai kyau, mutane ba su kai na Trocadéro ba.

Musa Damagaram: Iskar kan gadar nan a Disamba ta fi hunturun Agadas cizo. Ba wurin tsohuwa ba ne.

Nura Lille: To hawa saman fa? Na ga akwai lifta, na yi tunanin in saya mana tikiti.

Musa Damagaram: In ƙyalƙyalin kuke so, kada ku hau. Wanda ke cikinta ba ya ganinta, sai walƙiya ta ko'ina tana kashe masa ido. Ƙwayaye 20,000 ne, 5,000 a kowace fuska, kowanne yana kamawa yana ɗaukewa a lokacinsa, kyansu sai daga nesa. Ko gindinta ban ba ka shawara ba: tun 2018 an kewaye shi da katangar gilashi, sai an bi layin bincike, kuma Hajiya za ta yi ta ɗaga wuya ne kawai. Wani kuskuren da baƙi ke yi shi ne hawa tudun Montmartre. Daga matakalar gaban cocin da ke kan tudun ana ganin rabin Paris, amma hasumiyar a ɓoye take ta gefen dama.

Maman Walid: Kuma a sa mata safa biyu da hular sanyi ƙarƙashin mayafi. Dutsen farfajiyar nan sanyinsa ta tafin ƙafa yake shiga. Ka zuba shayi a fulas.

Nura Lille: In sha Allah, Anti. Wato yanzu tsakanin jirgin ruwa da Trocadéro ke nan.

Dakta Sa'a: Jirgi.

Zee: Trocadéro.

Musa Damagaram: Ka yi duka. Na 6 a sama, na 8 a ruwa.

Malam Habu: Na 6 kuma? Magaribar fa?

Alhaji Kwari: In za ku kira gida ta bidiyo ku sa ni a layi in gani da idona. Ƙarfe nawa ne a nan Kano?

Musa Damagaram: Lokacin sanyi agogonmu ɗaya da ku, sai ƙarshen Maris muke wuce ku da awa guda. Ka rufe shago da wuri.

Hajiya Turai: Salamu alaikum, yanzu na buɗe waya. Nura, ashe Hajiya na nan ba ka faɗa ba? Yaushe za ta koma? Ina da ɗan saƙo zuwa Zariya, bai kai kilo biyu ba.

Zee: An fara.

Hajiya Turai: Ke Zainabu, ki kiyaye ni. Kuma in wani zai taho daga gida a taho min da kilishi.

Dakta Sa'a: Kilishi dai a'a, Hajiya. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, in aka gani a filin jirgi ƙwacewa ake yi. Yaji da kuka da kuɓewa busasshiya kuwa ki je unguwar Château Rouge, tasha biyu ce daga Gare du Nord a layi na 4.

Hajiya Turai: Kukar can ba ta da yauƙi, kuma kin san kuɗin da suke sa mata?

Maman Walid: Akwai wata 'yar Maraɗi da ke kawo mai kyau, zan turo miki lambarta ta gefe.

Nura Lille: Hajiya Turai, kayanta sun riga sun cika, amma bari in tambaye ta in ta idar da salla. Dakta, jirgin ruwan nan akwai banɗaki a ciki?

Dakta Sa'a: Manyan suna da shi. Ka dai tambaya kafin ka biya, kuma ku isa da wuri ta sami kujerar bakin taga.