Neman shawara: an dakatar da ni daga ƙungiyar mawaƙa saboda ruwa ya hana ni zuwa sujada

Uwar Tagwaye:

Salamar Ubangiji a gare ku 'yan'uwa. Wani abu ne ya tsaya mini a rai, ina neman shawararku.

A unguwar Garin Malam nake zaune a nan Damagaram, majami'armu kuwa tana can wani gefen gari. Maigidana yana Agadas wajen aiki, daga ni sai tagwayena da ba su isa shiga makaranta ba, sai surukata da ciwon ƙafa ya zaunar. Gidanmu na ƙasa ne. Ranar Lahadin da ta wuce ruwa ya sauko tun kafin asuba kamar da bakin ƙwarya. Ko da gari ya waye hanyar unguwarmu ta zama ƙorama, bangon ɗakin Mama, wato surukar tawa, ya jiƙe sharkaf har ya fara tsagewa. Na kwashe su zuwa ɗakin siminti na maƙwabciyata, can muka yi addu'a da waƙa. Na kuma aika wa shugabar mawaƙa saƙo cewa ba zan samu zuwa ba.

Ranar Laraba wajen addu'a, Baba Fasto ya karanta Ibraniyawa 10:25, ya ce duk wanda ruwa ya hana shi zuwa gidan Allah, bangaskiyarsa ta rani ce. Da aka tashi, wani dattijo ya gaya mini an dakatar da ni daga waƙa wata guda, kuma sai na tsaya gaban ikilisiya na nemi gafara. Ga shi Juma'ar nan akwai kwanan addu'a, an ce ko ana ruwan duwatsu kowa ya zo.

Shin zunubi na yi? In tsaya neman gafara kan abin da zuciyata ba ta kashe ni a kai ba? A ikilisiyar nan aka yi mini baftisma, a nan aka ɗaura mini aure, ba na son barinta.

Ma'aikaciyar Jinya:

'Yar'uwa, da kin bar tsohuwa da yara ƙarƙashin bangon nan, da yanzu wata magana muke yi. Ginin ƙasa ba lallai ya faɗi lokacin da ake tsuga ruwa ba, sau da yawa sai ruwan ya ɗauke, ƙasar ta sha ta yi nauyi, sannan ya rufta, wani lokaci cikin dare mutane na barci. Duk mun ga daminar 2024. Kusan mutum 400 suka rasu a Nijar, wasu ruwa ya ci su, wasu gini ya faɗa musu, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. A nan Damagaram tsohon masallacin Birni, wanda yake tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe ranar 3 ga Satumba. Idan ginin da ya ga damina sama da 150 ya kwanta, bangon da ya riga ya tsage fa?

Hanya ma haka. Ruwa mai gudu da ya haura idon sawu kaɗan, kamar santimita 15, yana iya kayar da babban mutum, balle mace da goyo a baya da wani a hannu. Ba ka ganin ramin da ke ƙasa, ba ka ganin wayar lantarki da iska ta tsinke. Kada Mama ta sake kwana a ɗakin nan sai magini ya duba shi. Ki kuma ajiye lambar 'yan kwana-kwana a wayarki, 18 ce.

Dattijo daga Sabon Gari:

Ɗiyata, ba na cewa kin yi laifi, amma ku yara ku fahimci daga ina zafin fastocinmu yake fitowa. Mu 'yan kaɗan ne a garin nan. Tun 1924 da 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka Damagaram, ikilisiya ba ta taɓa rayuwa da yawan jama'a ba, da naci take rayuwa. Ranar 16 ga Janairun 2015 aka ƙona mana majami'u, wasu suka gudu ba su dawo ba har yau, mu da muka rage muka ci gaba da taruwa cikin toka da ƙaurin hayaƙi. Wanda ya ga wannan, idan ya hau bagadi ya ga kujeru babu kowa, gabansa faɗuwa yake yi.

Kuma a faɗi gaskiya, akwai masu fakewa da ruwa. Yayyafi kaɗan sai a ja bargo, amma in Kasuwar Dole ce, ko ana tsawa za ka same su. Idan aka buɗe wannan ƙofa, daga Yuli zuwa Satumba majami'a za ta zama kango.

Malamin Makarantar Lahadi:

Baba, da girmamawa, wadda ta kwashe surukarta daga ƙarƙashin bango ba ta cikin masu jan bargo, kuma horon da aka yi mata bai bambanta su ba.

'Yar'uwa, ki buɗe ayar da aka karanta miki, ki karanta ta har ƙarshe. Magana take yi kan waɗanda suka mai da barin taro al'adarsu, aya ta 24 da ta zo kafin ita kuma tana cewa mu kula da juna, mu zuga juna ga ƙauna. Lahadi ɗaya da ambaliya ta tare hanya ba ta cikin wannan. Sannan ki duba Matiyu sura 4. Shaiɗan ma aya ya jawo wa Yesu, ya ce ya faɗo daga kan Haikali tunda mala'iku za su tare shi, Ubangiji ya amsa cewa ba a gwada Allah. Ɗaukar yara a shiga ruwa mai gudu da sunan Allah zai kiyaye, ni ban ga bambancinsa da wannan ba. A Ayyukan Manzanni 27 Bulus da kansa ya ba da shawara kada jirgi ya tashi domin lokacin hadari ya yi, aka ƙi jin maganarsa, jirgin ya farfashe. Wa zai ce Bulus mai bangaskiyar rani ne? Ga kuma 1 Timoti 5:8, mai kaushin harshe a kan wanda bai kula da mutanen gidansa ba. 'Yan'uwanmu Katolika, da suka ɗauki zuwa Lahadi wajibi, su ma koyarwarsu ta sauke wa mai babban dalili, irin rashin lafiya ko kula da jarirai.

Shawarata, kada ki furta zunubin da ba ki yi ba. Furcin da bai fito daga zuciya ba ƙarya ce a gaban Allah da jama'a.

Ɗan Kabu-kabu:

Ni ranar ko jika biyar aka ba ni ba zan shiga unguwarku ba, Anti. Mashin biyu na taimaka aka ciro daga lambatu. Baba Fasto gidansa yana cikin harabar majami'a ne ko? A tambaye shi.

Maƙwabcinku Musulmi:

Ku yi haƙuri na sa baki, ni Musulmi ne. A wajenmu ya tabbata cewa a daren sanyi da ruwa Annabi (SAW) yakan sa ladan ya sanar da mutane su yi salla a gidajensu, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi a nan ana haɗa Magariba da Isha'i a masallaci saboda ruwa, don kada mutane su sake fitowa cikin duhu da taɓo. Allah ya tsare mu baki ɗaya, ya sa mu ga ƙarshen damina lafiya.

Matar Fasto (wata ikilisiya):

Ɗiyata, gaskiya tana wajenki, saura yadda za ki kai ta. Kada ki tunkari Baba Fasto a gaban mutane, kada kuma ki zuba maganar a rukunin WhatsApp na ikilisiya. In ya ji an tsinka shi a bainar jama'a, ko ya gane kuskurensa zai yi masa wuya ya janye. Ki samu babbar mace a zumuntar mata wadda yake jin nauyinta, ku je gida ku gaishe shi. Ki faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan, ki nuna masa saƙon da kika aika, sannan ki roƙe shi ya turo dattawa biyu su ga bangon da idonsu. Yawancin masu yanke irin wannan hukunci ba su taɓa taka unguwar da damina ba. In sun ga tsagar, ina sa ran maganar horo za ta koma maganar yadda za a tara kuɗin gyara, wanda shi ne aikin ikilisiya tun farko.

Ki kuma tafi da shawara a hannu, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Mu abin da muka tsayar shi ne, in ruwa ya yi ƙarfi da safe ana ɗaga sujada zuwa yamma, a sanar ta waya. In hanya ba ta biyuwa gaba ɗaya, 'yan kowace unguwa su taru a gida mai ƙwari mafi kusa, dattijo ɗaya ya bi da su, baikon a kawo mako na gaba. Kwanan addu'a kuwa mun daina sa shi a Agusta. Wannan yana amsa tsoron da Baba na Sabon Gari ya faɗa, domin taron bai mutu ba, mai fakewa da yayyafi kuma ba shi da sauran hujja tunda sujadar ta zo ƙofar gidansa.

In duk da haka suka nace sai kin tsaya gaban jama'a, ki ce cikin ladabi za ki yi bayani amma ba za ki kira shi zunubi ba, ki nemi a kai maganar majalisar dattawa. Wata guda ba tare da waƙa ba zai wuce.

Dattijo daga Sabon Gari:

Taron unguwa na yarda da shi, da sharaɗin a rubuta wa ke bi da shi, kada ya zama hira da shan shayi. Kwanan addu'a a tsakiyar damina kuma, mace mai ƙananan yara da mijinta ba ya gari, ni ma ba zan tilasta mata ba.

Uwar Tagwaye:

Na gode ƙwarai, Allah ya sāka. Na yi magana da Mama shugabar zumunta, ta ce gobe da yamma za mu je tare. Juma'a in hadari ya haɗu ba zan fita ba, na gaya mata haka, na gaya wa maigidana ma ta waya. Wanda ya san magini mai amana a wajen Garin Malam da zai duba bangon kafin ruwa na gaba, don Allah ya yi mini magana ta akwatin sirri.