Wane suna za mu raɗa wa “triangle offense”?

Jama'a masu bibiyar ƙwallon kwando, ku zo mu yanke magana a kan salon nan na kai hari da koci Tex Winter ya inganta, koci Phil Jackson kuma ya ɗora ƙungiyar Chicago Bulls a kansa tun 1989.

Ga yadda yake: mutum uku su tsaya gefe guda, dogon yana gindin kwando, ɗaya a lungu, ɗaya daga waje, sauran biyun su riƙe ɗaya gefen. Ƙwallo ba ta daɗewa a hannun kowa, inda masu tsaro suka bar kafa nan take bi.

Michael Jordan bai so abin ba da farko, kuma ban ga laifinsa ba. Mutumin da a kakar 1986-87 yake cin maki 37 kowane wasa a ce masa ya riƙa sakin ƙwallo? Sai dai ƙungiyar Detroit ta gano lagonsa: su yi masa taron dangi, su bar sauran suna kallo. Haka suka fitar da Bulls daga gasar neman kofi a 1988, 1989 da 1990. Da ya saki jiki da tsarin, makinsa ya sauko wajen 31, kofi ya zo a 1991. A wasa na biyar na zagayen ƙarshe da Lakers, da an rufe shi sai ya miƙa wa abokin wasansa John Paxson, shi kuwa yana ta zurawa.

Wani malami ya kawo “harin alwatika”. Malam, daidai ne a ajin lissafi, amma fasalin tsayuwar kawai ya nuna, kuma wane mai sharhi ne zai furta shi ana tsakiyar gudu?

Wasu sun ce “ba-ni-in-ba-ka”. Wannan na 'yan ƙwallon ƙafa ne, tsakanin mutum biyu. A bar musu kayansu.

Ni dai “murhu” na zaɓa. Duwatsu uku ne, ka zare ɗaya tukunya ta kife, komai girman wanda ya rage, ko da Jordan ne.

An ce duwatsun murhu ba sa motsi, 'yan wasa kuwa suna sauya wuri. Gaskiya ne, shi ya sa aikatau zai ɗauki nauyin: a kafa murhu, a tashe shi, a sake kafawa a ɗaya gefen. Ku gwada a baki: “Bulls sun kafa murhu, an taru a kan Jordan, ya ba Kerr, ta shiga!” Yadda aka ƙare da ƙungiyar Utah ke nan a zagayen ƙarshe na 1997.

Mai wadda ta fi wannan zama a harshe, bismillah.