Furfura ta fito min da wuri, in sayi wannan maganin?

Maman Hanifa, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaruna 34 amma furfura ta cika min gaban kai. Wata mai tallan magunguna ta kawo min wasu ƙwayoyi, wai akwai wani sinadari MsrA a ciki da ke gyara abin da ya lalace a jiki har gashi ya koma baƙi. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Don Allah masu sani, in saya ko in haƙura?

Baban Sadiq, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam Hajiya. Sinadarin gaskiya ne, amma ba a kasuwa ake samunsa ba, jikinki ne ke haɗa shi. Iskar oksijin da muke shaƙa tana barin ɓurɓushi da ke lalata wani ɓangare na furotin mai suna metiyonin. MsrA da ɗan uwansa MsrB su ne masu bi suna mayar da shi yadda yake. A kan furfura kuwa, wani bincike na 2009 ya nuna sinadarin haidirojin feroksaid, mai dusar da launi, yana taruwa a gashin da ya yi fari, su kuma masu gyaran nan sun ragu sosai a tushensa, sai abin da ke ba gashi launi ya kasa aiki. Daga nan masu talla suka samo bakin magana.

Abin da ba za su gaya miki ba shi ne MsrA shi ma furotin ne. In kin haɗiye shi, ciki zai narkar da shi yadda yake narkar da nama, ba zai kai tushen gashi ba.

Anti Rabi, Mile 12:
Ke dai riƙe kuɗinki ƙanwata. Mu a gidanmu gado ne, tun kafin aure take fito mana. Lalle ya ishe ki.

Maman Hanifa:
To Malam, ta ce akwai seleniyom ma a ciki.

Baban Sadiq:
Seleniyom sinadari ne da jiki ke samu daga abinci, kuma ɗaya daga cikin nau'o'in MsrB yana buƙatarsa, haka ne. Amma maikirogiram 55 kawai babba ke buƙata a rana, kifi da ƙwai da nama sun wadatar. In ya yi yawa, gashin ma zubewa yake yi, farce ya riƙa karyewa. In abin ya dame ki, ki ga likita a duba miki maƙoƙo da bitamin B12, don ciwon maƙoƙo da ƙarancin B12 su ma kan jawo furfura da wuri.