Mai gida ya ce sai na kawo miji

Nas Ummi: Salam 'yan uwa, yau raina a ɓace yake wallahi. An dawo da ni aiki Kano, iyayena suna Gumel, sati uku kenan ni da ƙawata da muke aikin dare tare muna neman ciki da falo, kowane dillali sai ya karɓi kuɗin ganin gida ya kai mu, mai gida na ganinmu sai ka ji "ina maigidan naku?" Na yau har kuɗin shekara na nuna mishi a waya, ya ko kawar da kai ya ce shi ba ya ba mace mara aure haya, unguwa za ta yi magana. Shekarata 31, ni ke biyan kuɗin makarantar ƙannena biyu, ni mace ce mai zaman kanta, me na tare wa mutane?

Maman Haidar: Subhanallahi! Ƙanwata goge wannan kalmar maza. Mai zaman kanta fa kika ce.

'Yar Zazzau: Haba Maman Haidar kowa ya gane nufinta. Ana cewa makaranta mai zaman kanta, asibiti mai zaman kansa, ba wanda ya taɓa yin salati, sai da aka zo kan mace?

Maman Haidar: Makaranta uwa gare ta ko uba? In kin ji a rediyo Hisbah ta kama mata masu zaman kansu, ma'aikatan jinya ake nufi?

Malama: Mai dogaro da kanta ake cewa, shi kenan magana ta ƙare.

'Yar Zazzau: Ba ta ƙare ba Malama, don me za mu bar musu kalmar? Su wa suka ɓata ta tun farko in ba mazan da ke zuwa gidajen ba

Hajjo Maraɗi: Mu dai nan wajenmu in an ce zaman kanta to gidan magajiya ne, babu wata fassara. Kakata ko sunan ba ta yarda a kama cikin gida.

'Yar Zazzau: To Nana Khadija fa? Da dukiyarta da kasuwancinta tun kafin ta auri Annabi (SAW).

Maman Haidar: Kul! Kar ki haɗa. Maza take ba kayanta su kai Sham, kuma ita da kanta ta aika neman auren. Ku kuwa an ce ku fito da miji kun ce sai mai Benz.

Anti Rabi: Ni ban ga abin wahala ba, ga auren gata nan. Tun 2012 Kwankwaso ya fara da ma'aurata 100, Abba ya aurar da 1,800 a 2023, gado, katifa, sadaki duk gwamnati. Ta je ta yanki fom.

'Yar Zazzau: Gida ta ce tana nema Anti, ba katifa ba 😂

Maman Haidar: Ai da ma na san sai an sako mana jar hula. Ganduje bai aurar ba ne? Ko nashi ba aure ba ne

Anti Rabi: Kwaikwayo dai. Wa ya fara?

Maman Haidar: Wanda ya fara ya zo ya ƙirga mana nawa ne suka kai shekara.

Anti Rabi: 'Yar maƙociyata tana ciki, 'ya'yanta biyu yanzu, sai ki kawo naki lissafin.

Hajjo Maraɗi: Ni abin da ya tsaya min ma ƙawar nan ce. Mata biyu gida ɗaya ba babba, wannan ta kori saurayin wannan, haka za su tsufa suna cin indomi. Ƙawaye su ke hana aure wallahi.

'Yar Zazzau: Lokacin da aka sako ni da goyo da daddare ƙawata ce ta zo da ɗan sahu ta kwashe ni, wata huɗu ina ɗakinta, ita ta ba ni jarin turaren wutan da nake ci da shi yau. Dangi kuwa cewa suka yi in koma in ba shi haƙuri. Kar wadda ta ƙara zagar min ƙawa a nan.

Maman Haidar: Yo ashe abin na gida ne, shi ya sa kika ɗau zafi.

'Yar Zazzau: Eh na gida ne. Ke kuma ki kawo zubin adashen watan jiya tunda mai miji ce ke, mu marasa miji mun zuba tun ranar 5.

Maman Haidar: Admin ki shiga tsakanina da yarinyar nan

Nas Ummi: Don Allah ni fa tambaya nake ko akwai wadda ta san mai gidan da zai yarda, ko wajen Hotoro ne ko Tarauni, yayana zai zo ya sa hannu.

Hajiya Admin: To ya isa haka. Na karanta duka, abin da aka tsayar shi ne kalmar ba ta dace ba kamar yadda Maman Haidar ta faɗa kuma kusan kowa ya goyi baya, mai gida ma bai yi laifi ba, unguwarsa yake karewa. 'Yar Zazzau ki dinga girmama na gaba da ke. Maganar adashe a same ni ta waya. Ummi Allah ya kawo miji nagari, kowa ta ce amin. Atamfofin da na sa jiya saura kala uku.