Wai Kwamfuta Ba Ta Mata Ba Ce? Gardama a Zauren Dangi

Baffa: Assalamu alaikum. Na ji an ce Auta kimiyyar kwamfuta ta cike a fom ɗin JAMB. Ni dai shawarata a sauya tun da sauran lokaci. Ga aikin jinya, ga koyarwa. Harkar na'ura ta maza ce, su Allah ya hore wa kan kwancewa da ɗaurawa. Ku zaga Farm Centre a nan Kano ku ƙirga mini mata nawa ne ke gyaran waya ko laftof.

Gwaggo: Wa alaikumus salam. Alhaji, a layin mahauta ma ba za ka ga mace ba, amma wa ke yanka maka naman miya a gida?

Mai Kafe: Gwaggo, Allah ya ƙara girma, amma maganar Baffa da ƙamshin gaskiya. Lokacin rajistar jarrabawa ni nake ganinsu. Yarinya za ta zo da yayanta, ta tsaya a bayan kujera, in ka ce ta zauna ta rubuta sunanta sai ta noƙe. Namiji kuwa kafin ka juya ya danna abin da ba a sa shi ba.

Malama: To ai ka ba wa kanka amsa. Yaron nan tun yana firamare yake shiga shagonka yana buga wasan ƙwallo, ya lalata abu ka yi masa tsawa, gobe ya dawo. Ita kuwa in ta ce za ta kafe sai an tambaye ta gun wa, da wa, ƙarfe nawa za ta dawo. Wayar gida ma in ta daɗe a hannunta sai a fara zargi. A makarantar da nake koyarwa akwai ɗakin kwamfuta, amma rabin zango babu wuta, a allo nake zana musu madannai da alli. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta kacokan, kuma ina da ɗalibai da ranar jarrabawar ce rana ta farko da suka riƙe linzamin kwamfuta. Wadda aka yi wa haka in ta noƙe, me ka gano game da ƙwaƙwalwarta? Akwai gwajin ƙasa da ƙasa da ake kira ICILS, na yara 'yan aji takwas, wato kamar aji biyu na ƙaramar sakandare a nan. A 2018 'yan mata ne suka fi maza maki wajen sanin amfani da kwamfuta a mafi yawan ƙasashen da suka shiga.

Injiniya: Anti Malama, ki ƙarasa mana. A gwajin nan dai, ɓangaren tsara warware matsala irin ta masu rubuta manhaja, maza ne suka ɗan dara, duk da tazarar ba ta da yawa. Amma ni ba ta iyawa nake ba. Na yi aiki da matan da suka fi ni. Zancena sha'awa ce. Ku dubi Finland da Norway da Sweden. Babu mai hana mace fita, babu mai tambayarta ina za ta, karatu kyauta, amma har gobe mata tsiraru ne a sashen kwamfuta. In an sakar wa mutum mara ya zaɓi wani abu daban, ba sai a ƙyale shi ba?

Baffa: Yauwa. Ga wanda ya yi boko ya faɗa.

Auta: Baffa, a gafarce ni in sa baki. Yaya Injiniya, a Amurka a 1984 kashi 37 cikin 100 na masu digirin kimiyyar kwamfuta mata ne. Zuwa wajajen 2010 sun koma kusan kashi 18. A daidai wannan tsakanin mata ƙaruwa suka yi ta yi a likitanci da lauya. In sha'awar halitta ce, halittar ce ta sauya cikin shekara ashirin da 'yan kai? Abin da masu nazari da dama ke nunawa shi ne a shekarun 1980 kwamfutar gida ta shigo kasuwa, aka tallata ta a matsayin kayan wasan yara maza, iyaye suka saya wa maza. Sai yaro ya shiga jami'a da sabo, yarinya ta shiga ba ta taɓa ba, malami kuma ya fara darasi daga inda yaron yake.

Kafin nan ma aikin na mata ne. ENIAC, babbar kwamfutar da aka ƙaddamar a Jami'ar Pennsylvania a 1946, mata shida ne suka tsara mata aiki, ba littafin koyo, da zanen wayoyinta suka fahimce ta. Margaret Hamilton ce ta jagoranci masu rubuta manhajar kumbon Apollo da ya sauka a wata a 1969. A lokacin ƙera ƙarfen ake ɗauka aikin maza, rubuta umarnin kuma ƙaramin aiki ne da za a bar wa mata. Da aka ga nan kuɗin yake sai labari ya sha bamban.

Gwaggo: Wannan ba sai an je Amurka ba. Ni da tafireta na fara aiki. Ba namijin da ke son a gan shi yana buga takarda, wai aikin sakatariya ne. Da aka kawo kwamfuta ofis mu aka tura kwas, mu muka koyi WordPerfect, manhajar buga takardu, manyan kuwa ko kunna ta ba su iya ba, sai su leƙo su ce Hajiya a fitar mini da wasiƙar nan. Bayan 'yan shekaru aka buɗe sashen kwamfuta mai alawus da tafiye-tafiye, aka ɗauko samari aka zuba, wasunsu mu muka nuna musu inda ake ajiye fayil. Alhaji, kai ma takardar filinka wa ya buga maka?

Baffa: Yaya Hajiya, buga takarda daban, injiniyanci daban.

Injiniya: Tarihin da Auta ta kawo haka yake, ban musa ba. Amma bai amsa batun Finland ba.

Malama: Malesiya ta amsa shi. A can mata sun kai kusan rabin ɗaliban kwamfuta a jami'o'i, wani wurin ma sun fi. Ƙasar Musulmi ce, da lulluɓinsu suke shiga aji. Da masu bincike suka tambaye su dalili, amsar da ta yi ta fitowa ita ce aiki ne na cikin ofis, a inuwa, ya dace da mace. Aikin maza shi ne na rana, wurin gini da hanya. Wato irin ma'aunin Baffa suka ɗauka, sai ya kai su ga kishiyar hukuncinsa. A Indiya ma kason mata a wannan fanni ya fi na Amurka da Ingila nesa.

Injiniya: Can ai neman abinci ne ya kai su, ba so ba. Inda talauci yake kowa fannin da ke da albashi yake bi.

Malama: Kai da ka karanta injiniya, soyayya ce zalla ta kai ka? Na tuna lokacin da kake cewa kamfanin mai za ka. In namiji ya bi albashi sunansa mai hangen nesa, in mace ta bi sai a ce ba sha'awarta ba ce. Kuma sha'awar nan ana shuka ta. Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a 1995 kashi 7 cikin 100 na sababbin ɗalibanta na kwamfuta ne mata. Suka daina fifita wanda ya riga ya iya rubuta manhaja tun daga gida, suka horar da malaman sakandare. A shekarar 2000 mata sun kai kashi 42. Shekara biyar kacal.

Baffa: Duk misalan Turawa da mutanen Asiya kuke kawowa. Mu namu yanayin daban ne.

Auta: Baffa, ga na gida. A 2018 'yan mata biyar daga makarantar Regina Pacis ta Onitsha suka ci zinare a rukunin ƙanana na Technovation, gasar ƙirƙirar manhaja ta 'yan mata, a Amurka, da manhajar gano jabun magani. Funke Opeke ce ta kafa MainOne, kamfanin da ya jawo wayar intanet ta ƙarƙashin teku daga Portugal zuwa Legas a 2010. Da aka ƙirƙiri ma'aikatar fasahar sadarwa a 2011, mace aka fara naɗawa ministarta, Omobola Johnson.

Baffa: Duk 'yan Kudu ne.

Malama: Wannan kam abin kunyarmu ne, ba hujjarmu ba. Ƙwaƙwalwar 'yar Onitsha ba ta fi ta 'yar Fagge ba, an dai zaunar da waccan a gaban na'ura.

Baffa: To na ji. Amma ku duba gaba. Yarinya aure za ta yi. Masu aikin nan kwana suke a gaban allo, wani mijin ba zai ɗauka ba.

Gwaggo: Au, mun bar maganar ƙwaƙwalwa ke nan? Kai da ka ce ta yi jinya, ma'aikaciyar jinya a gadonta take kwana ran da take aikin dare? Wannan ko ba komai daga ɗakinta za ta iya yi.

Baffa: Zan yi magana da babanta.

Injiniya: Ni har yanzu ina ganin ko an share duk wani shinge ba lallai a yi kunnen doki ba. Amma shingen namu bai ma fara sharuwa ba balle a gwada. Auta, akwai tsohuwar laftof a wurina, batirin ya mutu, sai da wuta take aiki. Ki aiko a karɓa.

Malama: Mai Kafe, kai kuma bana in yarinya ta zo, ka tashi yayan ka zaunar da ita ta cike da hannunta.

Mai Kafe: Anti, layi fa har bakin titi yake kaiwa, kuma injin mai yake sha. Sai dai su riƙa zuwa da safe kafin cunkoso.